Malamin Ingilishi a Tsakanin Sinawa: Asalin Aikin da Matsalolinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar Hausa ya san irin wahalar da Ingilishi kan ba harshen yaro, ya kuma san dariyar da akan yi wa ɗalibin da aka ce ya faɗi "fifty" ya ce "pipti". Irin wannan fama ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin sa ba, kuma babu inda ake yin sa da yawan jama'a kamar ƙasar Sin, inda yara miliyoyi barkatai ke zaune a aji suna koyon harshen da bai haɗa komai da nasu ba, ko ta fuskar sauti, ko ta nahawu, ko ta rubutu. Wannan bukata ce ta haifar da sana'ar barin gida a tafi koyar da Ingilishi a tsakanin masu jin Sinanci, sana'ar da ta ja Turawa da Amurkawa, daga baya kuma ta ja mutanen Filifin da 'yan Afirka.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda aikin ya samo asali, da abin da malami baƙo kan tarar a aji da kuma a bakin ɗalibansa, sa'an nan a duba sharuɗɗan da ake gindaya wa mai neman aikin. Ya kamata a sani tun da wuri cewa abin da ake kira Sinanci ba harshe guda ba ne a baki. Akwai Mandarin, wanda shi ne daidaitaccen harshe a babban yankin Sin da Taiwan, akwai Kantonis na lardin Guangdong da Hong Kong, akwai Hokkien na lardin Fujian da Taiwan, da wasu da dama. Mai jin ɗaya ba lalle ya fahimci mai jin ɗayan ba, ko da yake rubutu ya haɗa su. Inda aka ce Sinanci a nan ba tare da wani ƙarin bayani ba, Mandarin ake nufi.

Asalin Aikin

Ba sha'awa ce ta fara kai Sinawa ga koyon Ingilishi ba, tilas ce. Bayan da Ingila ta rinjayi daular Qing a yaƙi, yarjejeniyar Tianjin ta 1858 ta tanadi cewa idan aka sami saɓani tsakanin takardar Ingilishi da ta Sinanci, ta Ingilishi ce abin dogaro. Hukuma ta ga ba ta da tafintocin da za ta amince da su, sai ta buɗe makarantar Tongwen Guan a Bejin a cikin shekarar 1862. Malamin Ingilishi na farko a can shi ne John Burdon, ɗan mishan daga Ingila, daga baya kuma wani ɗan mishan Ba'amurke, W. A. P. Martin, ya shugabanci makarantar tun daga 1869. Watau tun ranar farko hukumar Sin tana son harshen baƙo da iliminsa, tana kuma ɗari-ɗari da abin da ya ɗauko a cikin jakarsa. Wannan hali bai gushe ba a duk tsawon tarihin aikin.

Da 'yan Kwaminis suka karɓi mulki a 1949, sai Rashanci ya ture Ingilishi daga makarantu, har aka mai da malaman Ingilishi da yawa masu koyar da Rashanci. Dangantaka da Tarayyar Sobiyet ta lalace wajen 1960, a 1964 kuma aka mai da Ingilishi harshen waje na farko a makarantu. Ba a je ko'ina ba sai Juyin Al'adu ya ɓarke a 1966, karatu ya tsaya, sanin harshen waje ma ya zama abin tuhuma. Labarin David Crook ya isa misali. Baturen Ingila ne, ɗan Kwaminis na gaske, shi da matarsa Isabel sun yi shekaru suna koyar da Ingilishi a makarantar da ta zama Jami'ar Harsunan Waje ta Bejin. Duk da haka aka kama shi a 1967 bisa zargin leƙen asiri, bai fito daga kurkuku ba sai 1973. Da ya fito ya koma aji. Matar tasa ta rayu har 2023, ta rasu a Bejin tana da shekara 107.

Bunƙasar aikin ta gaskiya ta zo ne bayan 1978, lokacin da Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar ƙasar ga ciniki da ilimin waje. Shekara guda kafin nan an dawo da jarrabawar shiga jami'a wadda ake kira "gaokao". A 1982 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna shirin koyon Ingilishi na BBC mai suna Follow Me, wanda jama'a suka yi wa rubdugu har mai gabatar da shi, Kathy Flower, ta zama ɗaya daga cikin baƙin da aka fi sani a ƙasar. Malaman wancan zamani kaɗan ne, kuma a killace suke. Akan kira su "ƙwararru baƙi", a sauke na Bejin a Otal ɗin Abota wanda aka gina a 1954 saboda ƙwararrun Rasha, a haɗa kowannensu da ofishin kula da baƙi na makarantarsa, wanda ke lura da jin daɗinsa yana kuma lura da zirga-zirgarsa. Har takardun kuɗi na dabam aka buga wa baƙi daga 1980, ba a daina buga su ba sai 1994.

Daga nan abin ya yi ta faɗaɗa. An ƙirƙiro jarrabawar Ingilishi ta ɗaliban jami'a a 1987. A 1993 Yu Minhong ya kafa makarantar kuɗi ta New Oriental, wadda ta zama ƙasaitaccen kamfani, a wannan shekara kuma 'yan sa kai na Peace Corps daga Amurka suka fara isa lardin Sichuan. Ɗaya daga cikinsu, Peter Hessler, ya koyar a garin Fuling daga 1996 zuwa 1998, ya rubuta littafin River Town a kan zamansa. A 2001 abubuwa uku suka haɗu: Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, Bejin ta sami izinin ɗaukar nauyin wasannin Olamfik na 2008, Ma'aikatar Ilimi kuma ta ba da umarni a fara koyar da Ingilishi daga aji uku na firamare. Shekaru ashirin da suka biyo baya su ne kakar wannan sana'a. Hong Kong ma ta kafa nata shirin ɗauko malamai daga waje a 1998, Taiwan kuwa ta daɗe da makarantun yamma na kuɗi da ake kira "buxiban", waɗanda suka dogara ƙwarai ga malamai baƙi.

Abin da Malami Kan Ji a Bakin Ɗalibi

Masana kwatancin harsuna, tun daga Robert Lado a 1957, sun nuna cewa kurakuran mai koyon harshe na biyu da yawa suna da tushe a harshensa na farko. Ba duk kuskure ne wannan ra'ayi ke iya bayyanawa ba, amma a fagen furuci da wuya a musa shi, kuma ajin Sinawa ya tabbatar da haka.

Matsala ta farko ita ce ƙirar gaɓa. Gaɓar Mandarin ba ta yarda da baƙi biyu a jere ba, kuma ba ta ƙarewa da baƙi in ban da "n" da "ng", sai kuma wani "r" da aka fi ji a bakin mutanen Bejin. Gaɓoɓin harshen duka ba su wuce 400 da 'yan kai ba idan aka ajiye karin sauti a gefe. To, sai ga Ingilishi da kalma irin "texts" wadda ta ƙare da baƙi huɗu a jere ba wasali. Abin da ɗalibi kan yi shi ne ya cusa wasali tsakanin baƙaƙen ko ya liƙa shi a ƙarshe, ya ce "anda" maimakon "and", ko kuwa ya yar da baƙin ƙarshe ɗungum. Haka ma harshen ya yi wa sunayen da ya ara: Marx ya zama "Makesi", Clinton ya zama "Kelindun". Ɗalibin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ta wannan hanya ce "bread" ta zama burodi, "brush" ta zama buroshi, "bench" ta zama benci. Mai jin Kantonis kuwa tasa matsalar dabam ce. Harshensa yana da "p" da "t" da "k" a ƙarshen gaɓa, amma yakan rufe bakinsa a kansu ba ya sake iska, saboda haka "back" da "bat" kan yi kama da juna a kunnen mai sauraro.

Sai batun baƙaƙe ɗaiɗai. Haruffan "b", "d" da "g" na rubutun Pinyin, watau rubutun boko na Sinanci da aka amince da shi a 1958, ba masu ziza ba ne kamar na Hausa ko na Ingilishi. Abin da ya raba su da "p", "t" da "k" shi ne fitar iska kawai. Babu "v" a Mandarin, babu kuma "th", saboda haka "very" kan zama "wery", "think" kuma ta zama "sink". Akwai waɗanda suka danganci yanki: mutanen Sichuan da Hunan da Nanjing kan gauraya "n" da "l", har "night" da "light" su zama ɗaya. Masu jin Hokkien ba su da "f", sukan sa "h" a gurbinsa, har ana yi musu ba'a cewa sunan lardinsu Fujian ma "Hujian" suke ce masa. Wanda ya san yadda Basakkwace ke cewa "hwari" inda Bakano ke cewa "fari" zai gane cewa kusancin waɗannan sautuka biyu ba na Hausa ba ne ita kaɗai. Shi kansa Pinyin yana da nasa tarko, domin yaro ya riga ya koyi karanta "x" da "q" da "c" da wasu sautuka na harshensu kafin ya gamu da su a Ingilishi.

A wuri guda Bahaushe ya fi Basine sa'a, watau tsawon wasali. Mandarin ba ya rarrabe kalmomi da dogo ko gajeren wasali, shi ya sa "ship" da "sheep" ke ba ɗalibansa wuya. Wanda ya tashi yana bambanta gari na zama da gari na tuwo ya riga ya sami kunnen jin irin wannan.

Karin sauti kuwa ya haɗa harsunan biyu. Mandarin yana da kari huɗu, kuma misalin da kowa ke kawowa shi ne gaɓar "ma", wadda kan ba da ma'anar uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Hausa ma da kari take raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Ingilishi ba haka yake aiki ba. Yana danna gaɓa ɗaya a kalma ya raunana sauran, yana kuma amfani da hawa da saukar murya a kan jimla duka don nuna tambaya ko mamaki ko ba'a. Mai harshen kari yakan ba kowace gaɓa cikakken nauyinta, sai maganarsa ta fito daki-daki kamar ana ƙirga ta. Ana jin wannan a Ingilishin Bejin, ana kuma jin sa a Ingilishin Kano. Malamin da Ingilishi ne harshensa na haihuwa yakan ji cewa wani abu bai daidaita ba, amma sau da yawa ba ya iya faɗin ko mene ne, domin bai taɓa tsayawa ya koyi inda ake danna "record" idan suna ce da inda ake danna ta idan aikatau ce ba.

Ta fuskar nahawu, aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa ko kaɗan. Kalmar "chi", watau ci, haka take ko jiya ne ko gobe, ko mutum ɗaya ne ko goma. Lokaci kan fito ne daga kalmomi irin su jiya da gobe, da kuma wasu ƙananan kalmomi irin "le" da "guo" masu nuna ko aiki ya kammala ko an taɓa yin sa. Daga nan ne "yesterday I go" ke fitowa. Suna ma ba ya ɗaukar alamar jam'i idan an ambaci adadi, saboda haka "three book" daidai take a tunanin ɗalibi, kamar yadda Bahaushe ke cewa littafi uku ko shekara goma ba tare da ya ji ya yi kuskure ba. Babu "a" da "the" a Sinanci, kuma wannan ita ce matsalar da ta fi daɗewa tare da mai koyo, har wanda ya yi digiri na uku a Ingila kan yi tuntuɓe a kanta.

Akwai kuskure guda da kan ba Bahaushe mamaki. A bakin Basine, shi da ita duk "ta" ne. Bambancin a rubuce kawai yake, shi ma sabo ne, domin wajen 1920 ne marubuci Liu Bannong ya yaɗa harafin da ke nufin ita. Saboda haka ɗalibin da ya ƙware sosai zai iya fara ba da labarin mahaifiyarsa da "she", kafin ya kai ƙarshen jimla ya koma "he". Ga mai harshen da ke raba kai da ke, ya raba ya tafi da ta tafi, wannan abu ne mai wuyar fahimta, sai ya tuna cewa kunnen ɗalibin bai taɓa bukatar wannan rarrabewa ba.

A wasu wurare kuma Hausa da Sinanci sun haɗa baki sun bar Ingilishi shi kaɗai. Idan aka tambayi Bahaushe, "Ba ka ci abinci ba?" yakan ce, "I, ban ci ba." Basine ma haka yake amsawa, yana gaskata maganar mai tambaya. Bature kuwa "no" zai ce. Malamai baƙi da yawa sun sha ruɗewa da "yes" ɗin ɗalibi a irin wannan wuri. Haka nan Hausa na cewa "ko da yake ya zo, amma bai same shi ba", Sinanci ma yana haɗa kalmomin biyu a jimla ɗaya, alhali Ingilishi bai yarda "although" da "but" su zauna tare ba. Ƙidaya ma tana da nata rikici, domin Sinawa da dubu goma-goma suke ƙirga manyan lambobi, suna kiran dubu goma "wan", saboda haka miliyan ɗaya a wurinsu "wan" ɗari ce. Ɗalibi mai kaifin lissafi kan yi shiru na ɗan lokaci kafin ya faɗi yawan mutanen garinsu da Ingilishi.

Aji da Jarrabawa

Sinawa sun gaji girmama malami da girmama jarrabawa. Jarrabawar shiga aikin sarauta ta yi kusan shekara 1,300 tana gudana kafin a soke ta a 1905, "gaokao" kuwa ita ce magajiyarta a zukatan iyaye. A 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistarta. A yawancin larduna harshen waje yana da maki 150 daga cikin 750, daidai da lissafi, daidai da Sinanci. Sai dai abin da ake gwadawa galibi karatu ne da nahawu da rubutu da sauraro. Wannan ya raba aikin gida biyu: malamin gida shi ke koyar da abin da zai fito a jarrabawa, malami baƙo kuwa, wanda ake kira "waijiao", akan ba shi darasin magana, sau ɗaya a mako, a ajin da kan kai mutum hamsin ko fiye. Ɗalibai sun san darasin wa ke da maki. Ba abin mamaki ba ne malami baƙo ya tarar da rabin aji suna aikin lissafi a ƙarƙashin tebur. Sinawa da kansu sun raɗa wa sakamakon wannan tsari suna "yaba yingyu", watau Ingilishin bebe: mutum ya san kalmomi dubbai, ya kasa tambayar hanya.

Abu na biyu da kan karya gwiwar sabon malami shi ne shiru. Yakan yi tambaya, aji ya yi tsit. Yakan ce ko an gane, a gyaɗa kai, alhali ba a gane ba. Wasu kan ɗauka rashin ƙoƙari ne ko rashin basira, amma ba haka ba ne. Akwai abin da Sinawa ke kira "mianzi", fuska ke nan a zahirin kalma, mutunci a ma'ana. Yin kuskure a gaban jama'a zubar da shi ne, nuna cewa malami bai yi bayani sosai ba zubar da na malami ne, yawan ɗaga hannu kuma nuna kai ne a gaban tsara. Wanda ya san kunya da kara a ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon sharhi a kan wannan. Malaman da suka daɗe sukan daina jefa tambaya ga aji duka. Sukan raba ɗalibai biyu-biyu su yi magana a tsakaninsu tukuna, ko a ba su lokaci su rubuta amsa kafin a kira suna, a kuma ajiye gyaran kuskure sai ƙarshe, a yi shi a allo ba tare da an ce wane ne ya yi ba.

Malamai baƙi sun cika kushe hadda, suna ganin ita ce tushen matsala. Wannan hukunci ya yi tsauri. Yaron da sai ya riƙe haruffa kusan 3,000 kafin ya karanta jarida a harshensu ya sami horon ƙwaƙwalwa wanda ba a rainawa, kamar dai yadda wanda ya yi karatun allo kan fi tsaransa saurin riƙe abin da ya ji. Ɗalibin da ya haddace nassi ashirin na Ingilishi yana da taskar jimloli a kansa, abin da ya rage shi ne a ba shi dalilin buɗe ta. Su ma ɗaliban sun nemo wa kansu mafita tun da daɗewa, da abin da ake kira "kusurwar Ingilishi", inda mutane kan taru a wani dandali su yi ta hira da Ingilishi da wanda ba su sani ba. Ta Jami'ar Renmin a Bejin, wadda ake yi daren Juma'a, ta yi suna ƙwarai.

Wa Ake Ɗauka?

A nan ne batun ya shafi ɗan Afirka kai tsaye. Bisa ƙa'ida, mai son koyarwa a babban yankin Sin yana bukatar bizar aiki mai harafin Z da takardar izinin aiki, kuma tun 2017 ana kasa ma'aikata baƙi aji uku, A da B da C, malaman harshe galibi suna ajin B. Akan nemi digiri na farko, da shaidar ƙwarewar shekara biyu ko takardar horon koyar da Ingilishi, da shaidar cewa mutum ba shi da laifi a ƙasarsu. Sa'an nan sai sharaɗin da ya fi kowanne nauyi, cewa Ingilishi ya kasance harshensa na haihuwa. A aikace ba harshe ake dubawa ba, fasfo ake dubawa, kuma ƙasashen da aka saba karɓa su ne Amurka, Ingila, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan, Ayalan da Afirka ta Kudu. Nijeriya da Gana ba sa cikin wannan jeri da aka saba, duk da cewa da Ingilishi ake karatu da mulki a cikinsu. Ɗan Nijeriya mai digiri a fannin Ingilishi kan iya rasa aikin da za a ba wanda ya karanta wani fanni dabam, bai kuma taɓa tsayawa gaban allo ba.

Robert Phillipson ya soki wannan ra'ayi a 1992, ya ƙidaya shi cikin ruɗun da suka mamaye sana'ar koyar da Ingilishi, kuma abin da aka bayyana a sama game da gaɓa da kari da amsar tambaya yana goyon bayansa. Wanda ya koyi Ingilishi da gumi ya san inda ramukan suke, domin ya faɗa cikinsu. Amma makarantar kuɗi ba ilimin harsuna take sayarwa ba, abin da iyaye ke son gani take sayarwa, iyaye da yawa kuwa farar fata suke ɗauka alamar ingancin Ingilishi. An sha ganin tallar aiki da ta fito fili ta ce farare kawai ake so. An sha ɗaukar mutanen Gabashin Turai a gabatar da su ga iyaye a matsayin Amurkawa, a kuma ƙi Ba'amurke baƙi, ko wanda aka haifa a Amurka amma iyayensa Sinawa ne, domin fuskarsa ba ta yi kama da ta baƙo ba. 'Yan Afirka da suka sami shiga sau da yawa akan biya su ƙasa da takwarorinsu, wasu kuma a umarce su su ce daga Amurka suke.

Wannan ƙunci ne ke tura mutane ga dillalai masu alkawarin a shiga da bizar karatu ko ta kasuwanci, a gyara takardu daga baya. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta tanadi tarar yuwan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da ya yi aiki ba izini, da tsarewa ta kwana 5 zuwa 15 idan laifin ya yi tsanani, ana kuma iya korarsa daga ƙasar. A 2018 matasa 51 'yan Afirka ta Kudu suka maƙale a birnin Changchun, hukuma ta riƙe fasfo ɗinsu, bayan wani dillali ya kai su koyarwa da bizar karatu, sai da gwamnatinsu ta sa baki suka koma gida. Izinin aiki kuma a ɗaure yake da makarantar da ta nema, saboda haka darasin da malami ya ɗauka a gefe a wata makaranta shi ma aiki ne ba izini. Yarjejeniyar da aka daɗe ana ba ƙwararru baƙi su sa hannu ta kuma hana su yin wa'azin addini a wurin aiki, siyasa kuwa, musamman batun Taiwan da Tibet da abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989, malami mai hankali ba ya kawo ta aji. Musulmi ba ya rasa abinci, domin gidajen abinci na Musulmin Hui masu alamar "qingzhen" suna kusan kowane birni.

Kakar aikin ta ƙare cikin shekara biyu. A farkon 2020 Peace Corps ta rufe shirinta na Sin, a watan Maris na shekarar aka rufe ƙasar ga yawancin baƙi saboda annobar korona, ba a buɗe sosai ba sai 2023. A watan Afrilun 2020 aka fitar da 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, har Kakakin Majalisar Wakilai ta Nijeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa rashin jin daɗi. Sa'an nan a watan Yulin 2021 gwamnati ta fitar da tsarin rage wa yara nauyin aikin gida da na darasin bayan makaranta. Tsarin ya hana neman riba da koyar da darussan makaranta ga yaran firamare da ƙaramar sakandare, ya kuma hana ɗaukar malaman da ke zaune a ƙasashen waje su koyar da yara ta intanet. Kamfanoni irin VIPKid, wanda aka kafa a 2013 ya haɗa yaran Sin da dubban malamai a Amurka da Kanada, suka rasa ginshiƙin cinikinsu, New Oriental kuma ta sallami ma'aikata 60,000 a wannan shekara. Abin da ya saura shi ne jami'o'i da makarantun gwamnati da makarantun ƙasa da ƙasa, waɗanda suka fi tsananta binciken takardu. Taiwan ta bi wata hanya dabam, domin a 2018 ta shelanta shirin ƙarfafa Ingilishi kafin 2030, ta ƙara ɗaukar malamai daga waje a makarantun gwamnati.

Akwai wata ƙofa ƙarama wadda sharaɗin harshen haihuwa ke buɗe wa Bahaushe maimakon ya rufe masa. Gidan Rediyon Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa a 1963, Jami'ar Harsunan Waje ta Bejin kuma, inda David Crook ya koyar, ta fara koyar da Hausa a cikin shekarun 1960. Tun daga lokacin Hausawa daga Nijeriya da Nijar suke zuwa Bejin a matsayin ƙwararru baƙi, suna gyara fassara, suna karanta labarai, suna koyar da Sinawa. Ɗaliban nasu kari ba ya ba su tsoro, tun da da shi suka tashi. Inda suke shan wuya shi ne "ɓ" da "ɗ" da "ƙ", da dogon wasali, da jam'in suna mai siffofi barkatai, da kuma tuna cewa rana mace ce, wata namiji.